Onarabul: yadda kalmar zauren majalisa ta zama sunan yanka

A wani ɗaurin aure da aka yi a unguwarmu bayan sallar Juma'a, ana cikin rabon goro da alawa, wani matashi ya ɗaga murya daga bayan taro ya ce, "Onarabul!" Mutum biyar suka waiwaya, kuma duk na san su. Ɗaya ɗan majalisar jiha ne mai ci. Ɗaya ya yi kansila tun zamanin Abacha, yanzu furfura ta gama cinye gemunsa. Na uku mai ba shugaban ƙaramar hukuma shawara ne, na huɗu ya taɓa shiga zaɓen fid da gwani bai kai labari ba. Na biyar kuwa ko fom bai taɓa saya ba. Fasta kawai ya buga a wata shekarar zaɓe, aka manna a bangon firamare, ruwan damina ya wanke ta, suna ya zauna. A wurin nan babu wanda ya ga abin mamaki, domin haka muke kiransu kullum.

Idan talaka ya yi ido biyu da ɗan siyasa, wannan ce kalmar da ke fara zuwa bakinsa. Ba zai ce masa "ɗan siyasa" ba, saboda wannan sunan ya riga ya yi tsami. Ka ce wa abokinka "kai fa ɗan siyasa ne", ya san kana nufin bakinsa biyu, ba a kama shi a magana. Abin tausayi ne, don asalin kalmar siyasa mai kyau ne. Daga Larabci muka aro ta, kuma a can tushenta yana da alaƙa da kiwon doki da horar da shi, har mai kula da doki ana ce masa sa'is. Daga nan ta koma nufin tafiyar da jama'a da lura da maslaharsu. Har yanzu dattawa kan ce "bi shi da siyasa", wato a lallaɓa, kada a yi gaggawa, kuma na sha jin tsofaffi a kasuwa suna cewa "yi mini siyasa" idan suna neman rangwame. Amma tun da jam'iyyu suka zo a farkon shekarun 1950, da NEPU da NPC da abin da ya biyo baya na ɗauri da duka da raba aure, kalmar ta ɗauki wani nauyi da ba ta sauke ba. Saboda haka "ɗan siyasa" ya zama sunan da ake faɗa a bayan ido. Na gaban ido shi ne Onarabul.

Kalmar Turanci ce, honourable, wadda Turawan Ingila suka karɓo daga Faransanci, shi kuma daga Latin. Ma'anarta mutumin da ya cancanci a mutunta shi. Abin da ya kamata a sani shi ne yadda suke amfani da ita a majalisarsu ta Landan, domin daga can ta taso mana. A zauren nan wakili ba ya kiran ɗan'uwansa da suna, ba ya ma fuskantarsa da magana kai tsaye. Kakakin majalisa yake yi wa magana, idan kuma zai ambaci wani sai ya ce "wakili mai mutunci na mazaɓa kaza". An yi haka ne don a sanyaya gardama. Wanda aka tilasta wa ya kira abokin hamayyarsa mai mutunci kafin ya soki ra'ayinsa, da wuya ya zarce zuwa zagin uwa da uba. Kuma jimlar tana tuna wa kowa cewa mutumin nan ba don kansa yake zaune ba, garinsu ne ke magana ta bakinsa. Har ma a can, idan kakaki ya ambaci sunan wakili ƙarara a zaure saboda ya saɓa ƙa'ida, hukunci ne: sai a kawo ƙudurin dakatar da shi, kwana biyar na zama a karon farko.

Da zarar wakilin ya fito daga zauren, kalmar ta tsaya a ƙofa. Zaman ɗan majalisa bai ba shi damar rubuta ta a gaban sunansa ba. Waɗanda ke ɗauke da ita a waje su ne 'ya'yan wasu masu sarautar gargajiya da manyan alƙalai. A Amurka ana rubuta wa mai muƙami ita a bayan ambulan, amma abin kunya ne mutum ya kira kansa da ita. Wannan bambanci shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya. A inda ta fito, kalmar ta kujera ce da mazaɓa. A wurinmu ta koma ta mutum.

Ba nan take ta koma ba. Majalisar Dokokin Arewa ta fara zama a Kaduna a 1947 ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, kuma cikinta an bi al'adar Landan sau da ƙafa. Amma a waje, da me jama'a suka san 'yan siyasar lokacin? Sardauna, Makaman Bida, Wazirin Katsina, Ɗanmasanin Kano, Turakin Sakkwato. Waɗanda ba su da rawani, ko suka ƙi shi, Malam ne: Malam Aminu Kano, Malam Sa'adu Zungur. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samu laƙabin da ya fi Onarabul, wanda yau muke ji ana cewa "Rait Onarabul", saboda an sa shi cikin majalisar mashawartan Sarauniyar Ingila a 1961, amma mutanen Bauchi ba da shi suke kiransa ba. 'Yan siyasar wancan zamani da sunayen gida aka san su, majalisa ba ta raɗa musu ba.

A fahimtata, abin ya sauya ne da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu zaɓaɓɓun kansiloli. Kafin nan, iko a ƙauye yana da fuska sananniya: hakimi, dagaci, mai unguwa, kowa da rawaninsa da gaisuwarsa. Kwatsam sai ga wani sabon mai iko, ɗan gidan wane, jiya yana koyarwa a firamare ko yana awon hatsi, yau shi ke zama a kan batun rijiya da kwalbati da rumfunan kasuwa. Ba shi da rawani, ba a busa masa algaita, kuma ba zai yiwu a ci gaba da kiran sunansa gatsal ba. Bahaushe bai iya wannan ba. Mu ne mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, yaro ba ya kiran babba sai da Yaya ko Baba ko Kawu. Duk wanda ya ɗan ɗaga, dole a nemo abin da za a sakaya sunansa da shi. Kalmar tana nan a rubuce a takardun majalisa, "Hon." a gaban suna, sai aka ɗauko ta aka cike gurbin.

Daga nan sai yawa. Ƙananan hukumomi suka ƙaru har suka kai 774 a 1996. Jihar Kano kaɗai tana da 44, da mazaɓun kansila 484, da kujeru 40 a majalisar jiha, da 24 a Majalisar Wakilai ta tarayya. Wato duk zaɓen ƙananan hukumomi ɗaya a Kano yana haifar da sababbin Onarabul fiye da ɗari biyar, na baya kuma ba su ajiye sunan ba. Ƙara da kwamishinoni, da kansilolin naɗi, da kantomomi, da masu ba da shawara da mataimaka na musamman da kowace gwamnati ke naɗawa. Ƙara da waɗanda suka tsaya suka faɗi. A ƙasa baki ɗaya akwai 'yan Majalisar Wakilai 360, na majalisun jihohi kusan dubu, mazaɓun kansila sama da dubu takwas. Tun 1999 ake wannan juyi ba yankewa. Tsarin mulki bai ba ko ɗayansu wannan laƙabi ba, al'ada ce kawai, don haka babu mai ikon ƙwace shi.

Harshen ma ya nuna inda muka ajiye kalmar. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a haɗe a ƙarshen kalma, shi ya sa muka cusa wasali muka ce "bul", kamar yadda muka yi a Baibul da kebul. Wanda ya tsince ta da kunne yakan ce Onarabul ko Onarebul, saboda Bature ba ya furta harafin farko. Wanda ya fara ganinta a fasta yakan ce Honarabul. Duk ana ji, har a rediyo. Amma ga abin lura. Sauran sunayen muƙamai da muka aro duk mun yi musu jam'i irin namu: gwamnoni, sanatoci, ministoci, ciyamomi, kansiloli, kwamishinoni. Onarabul ba shi da jam'in da ya zauna. Sai dai mu ce "su Onarabul sun iso", kamar yadda za mu ce "su Audu sun iso". Ba shi da siffar mace, sai a ce Hajiya Onarabul. Harshen bai ɗauke shi a matsayin aiki ba, ya ɗauke shi a matsayin suna.

Akwai wata shaidar da ta fi wannan ƙarfi. Muna cewa tsohon gwamna, tsohon kansila, tsohon ɗan majalisa. Sarki ma, duk girman rawani, idan ya sauka muna da kalmar murabus, muna cewa tsohon sarki. Amma ban taɓa jin an ce tsohon Onarabul ba. A wannan fuska ya fi kama da Alhaji. Mutum ya je Makka sau ɗaya, ya sauke farali, sunan ya bi shi har kabari, kuma daidai ne, domin aikin ya kammala. Wakilci ba haka yake ba. Amana ce ta shekara huɗu, ko ƙasa da haka ga kansila, wadda ake iya saukewa ko a ci. Da muka ba shi suna irin na aikin da ya kammala, sai ya zamana shiga ɗin ita ce nasarar. Abin da aka yi a ciki ba ya ƙara wa sunan komai, ba ya rage masa komai. Wanda ya yi shekara takwas yana ɗumama kujera da wanda ya tsaya ya kare kasafin asibitin garinsu, gaisuwarsu ɗaya a bakin masallaci.

Sai batun fassara, wanda ya fi damuna. Idan mai gabatarwa a taro zai mayar da kalmar Hausa, "mai girma" yake cewa. Mai martaba na sarki ne, mai alfarma na Sarkin Musulmi, mai shari'a na alƙali, mai girma kuwa gwamna da ɗan majalisa da ciyaman duk sun yi tarayya a kansa. Amma kalmar da ta fi kusa da asalin ma'anar ita ce mutunci, kuma girma da mutunci ba abu ɗaya ba ne a Hausa. Girma ana ba mutum shi saboda shekaru ko dukiya ko kujera, ko da ba a son halinsa. Mutunci shi mutum ke riƙe abinsa, kuma yana zubewa, shi ya sa ake kwatanta shi da madara. Mai mutunci ba ya yin alkawari ya saɓa, ba ya cin abin da aka ba shi ajiya, yana jin kunyar a gan shi a wani wurin. Da "mai mutunci" muke cewa, da kowace gaisuwa ta zama tambaya, da kuma akwai ranar da baki zai yi nauyi ya kasa faɗa. A watan Yunin 2010 'yan Majalisar Wakilai sun ba hamata iska a zaure har aka yayyaga wa wasu riguna, duniya tana kallo a talabijin. Washegari kowannensu Onarabul ne, kuma a ma'anar girma babu ƙarya a ciki, tun da kujerar tana nan.

Kada a ɗauka masu sunan ne kaɗai ke cin ribarsa. Mai kiran ma da manufarsa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana gidan wani ɗan majalisar tarayya da ya zo hutun ƙarshen mako. Tun kafin ƙarfe bakwai layi ya kai bakin titi. Mata da takardun magani a hannu, samari da takardun kammala karatu cikin leda, wani dattijo da katin gayyatar auren 'yarsa, 'yan kwamitin masallaci da takardar kuɗin kwano. Da ya fito sai wuri ya ɗauka: "Onarabul, Allah ya maimaita mana!" "Onarabul, yaranka ne, ko karyawa ba mu yi ba!" Na zauna kusan awa uku a zauren. Mutum ɗaya ne ya zo da maganar da ta shafi aikin majalisa, wani malamin sakandare da ke tambayar inda aka kwana kan kuɗin gyaran makarantarsu da ya ji an sa a kasafi. Bai gama ba na bayansa suka fara cewa, "Malam, a taƙaita, mutane na jira." Ɗan majalisar ya ce, "Malam, ka ga sakatarena," ya juya ga mai katin aure.

A irin wannan wuri kalmar ta zama takardar neman biya. Wanda ya ce maka Onarabul ya ɗora ka a matsayin mai bayarwa, ya ajiye kansa a matsayin mai karɓa, irin tsohuwar alaƙar bara da ubangidansa. 'Yan jagaliya sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke liƙa wa duk wanda suka ga ya sayi sabuwar mota sunan tun bai ce yana so ba. Sojojin baka su ɗauka a rediyo, mawaƙa su sa a waƙa, kafin ka ankara mutumin ya fara jin cewa jama'a ce ke kiransa. Mutane da yawa ta wannan ƙofa suka shiga takarar da ta cinye musu jari.

Ban ga laifin matar da ta zo da takardar magani ba. Aikin ɗan majalisa a tsarin mulki shi ne yin doka, amincewa da kasafi, da bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Amma ita ba doka ce ta hana ta barci ba, zazzaɓin ɗanta ne, kuma asibitin garinsu babu magani. Ƙaramar hukumar da ya kamata ta kula da asibitin ta daɗe a shaƙe, kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, abin da ya kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Gwamna ba ya ganuwa, minista sai a talabijin. Fuskar gwamnati ɗaya tilo da matar nan ta san ƙofar gidanta ita ce ta Onarabul. Tsarin ayyukan mazaɓu ya zo ya tabbatar mata da zatonta: rijiyar burtsatse da sunansa a jikin tanki, kekunan ɗinki, babura, injin markaɗe, duk kuɗin gwamnati ne amma da hannunsa ake miƙawa, a ce Onarabul ya taimaka. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da kansa ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya ga irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. Shi kuma ɗan majalisar, da ya san da buhun shinkafa da katan ɗin taliya za a auna shi ranar zaɓe, me zai sa ya ɓata dare yana karanta ƙudurin doka? Ya fi masa sauƙi ya zama ɗan amshin shatan gwamna, a bar masa abin rabo.

Tsarin mulkin 1999 ya ba masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye, a sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu. Har yau ba a taɓa sauke kowa ta wannan hanya ba. Yunƙurin da ya fi yin amo, wanda aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi, ya mutu a matakin tantance sa hannu a 2018. Sharuɗɗan suna da tsauri, gaskiya ne. Amma ina ganin akwai abin da ya riga sharuɗɗan: mutum ba ya tunanin korar wanda yake ɗauka ubangidansa ne. Ɗan aike ake kira ya dawo.

'Yan'uwanmu na Nijar ma suna da ita, ta hanyar Faransanci, suna kiran depite, wato ɗan majalisa, da Onorabul, alhali a Faransa kanta ba a liƙa wa ɗan majalisa wannan laƙabi a gaban sunansa. Sojoji sun rushe majalisar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma sunan bai rushe da ita ba.

Mun kuwa da kalmar da ta dace, tana nan a cikin sunan majalisar kanta: wakili. A ɗaurin auren da na faɗa a farko, wakilin ango ya matso gaban liman, ya nemi aure a madadin wani, ya faɗi sadaki, ya karɓa. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta son ransa ba, don kowa ya san ba shi ne angon ba. Aka shafa fatiha, wakilcinsa ya ƙare, ya koma Kawu. Da gidajen rediyo za su riƙa cewa "wakilin Dala" ko "wakilin Funtuwa da Ɗandume" a duk inda suke cewa Onarabul wane, da mai sauraro ya riƙa jin sunan garinsa a jikin mutumin, ya tuna wa ya aike shi.

Bayan an watse na tsaya da dattijon nan da ya yi kansila zamanin Abacha. Kafin siyasa gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, kuma ya iya. Kansilancinsa bai kai shekara biyu ba aka rushe su. Ya ce mini ya so ya koma rumfarsa, amma duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce, "Haba Onarabul, kai ne a nan?" Wata uku ya jure, ya rufe. Masu zuwa da takardar magani kuwa ba su daina ba, don a wurinsu har yanzu shi ne. Gonar gado ta tafi a haka, sannan filin da ya saya lokacin yana kan kujera. Yanzu duk shekarar zaɓe yana bin 'yan takara ana ba shi na cefane. Da zan tafi na ce, "Sai anjima, Baba Malam," sunan da muke kiransa da shi muna yara idan an aike mu kai rediyo gyara. Ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba, ya ce rabon da a kira shi haka tun rasuwar mahaifiyarsa.